Mazarƙwailar Nasarawan Doya a Kantunan Ankara

Tun da na dawo daga Gana ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi sai wani ya matso: "Sale, yaya Gana?" Na faɗa wa wannan, na faɗa wa wancan, yanzu labarin ya zaga Makarfi ya dawo mini da gemu, har an ce wai kama ni aka yi a kan iyaka. Ba a kama ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya da ɗan karatun da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Mu a Nasarawan Doya rake muke nomawa a fadama. In rani ya shigo mu sare, mu matse a inji, mu dafa ruwan har ya yi kauri, mu zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Mazarƙwaila ke nan. Bana rake ya yi kyau ko'ina, kowa ya dafa, kasuwa ta cika, masu saye suka riƙa taya kaya kamar alfarma suke yi mana.

Ana cikin haka Ɗanliti ya zo da magana. Ɗanliti direban babbar mota ne, mutumin Malikanchi, busasshen barkono yake kaiwa Ankara, babban birnin Gana. Ya taɓa kai wa mai masaukinsa, wani Alhaji Bawa, tsarabar mazarƙwailarmu. Surukin Alhajin yana tuƙa mota a wani babban kamfanin kantuna, ya ɗauki ɗaya ya kai wa matar da ke sayo wa kantin kayan abinci. Ta ɗanɗana, ta ce a kawo da yawa a gwada.

Baba Iro, dattijon unguwarmu, ya tara mu a zaurensa. Gidaje da dama suka ce za su sa kaya. Da aka zo wanda zai raka kayan sai aka nuna ni, wai na taɓa zuwa Ikko kuma ba na jin kunyar ciniki. Baba Iro ya ce, "Sale, kayan mutane ne. Wani abincin damina ya ɗora maka a kai. Ka je ka dawo da fuskarka."

Ɗanliti kuma ya ja ni gefe ya ce, "Yaya Sale, iskar can ruwa ce. Abin nan ba ya son laima, ka fi ni sani. Da mun sauka ka rabu da shi."

Na ce ya bar koya mini sana'ata.

Muka loda buhunanmu a bayan barkono, na shiga gaba. Duk wanda bai taɓa bin motar barkono ba kada ya fara. Daga Zariya har Lakwaja atishawa nake yi, Ɗanliti yana cewa "yarhamukallah", har ya gaji ya ce wadda ya yi a Kaduna ta wadatar har Gana. A Lakwaja muka ci kifi, shi ne abu mai daɗi na ƙarshe da na ci da saninsa. Bayan Ibadan taya ta fashe, muka wuni a bakin titi. Wata tsohuwa Bayarabiya mai gasa ayaba ta ba ni benci na zauna, ba ta jin Hausa, ba na jin Yarbanci, amma ta yi ta ba ni labari ina gyaɗa kai. Da za mu tashi na ba ta mazarƙwaila ɗaya daga cikin tawa. Ta juya ta, ta shinshina, ta yi alamar wanka da hannu. Ta zaci sabulun salo ne.

Ikko ba sai na faɗa ba. Mota a gaba, mota a baya, kowa yana zagin kowa.

A Seme, bakin iyaka, na fito da fasfo da katin rigakafi, wanda allurarsa ta hana ni ɗaga hannu tun daga gida. Wani jami'i ya sa aka buɗe buhu, ya ɗauki ɗaya yana kallona, yana kallonta. Shi ma sabulu ya ce. Na karɓa na gutsura a gabansa na tauna, na miƙa masa. Ya ɗan lasa, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya lasa. Aka buga mana hatimi muka wuce. Kamun da aka ce an yi mini ke nan.

Ƙasar Binin da Togo Faransanci suke yi, ko "ruwa" ban iya cewa ba. A Kwatano 'yan acaɓa duk riga rawaya suke sawa, ga su nan kamar fara. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawon yana yanka dasashi. A Lome na fara ganin teku sosai, titi yana bin gefensa. Na kalla na ce ikon Allah, amma hankalina ba a can yake ba, don tun Kwatano rigata ta jiƙe ta ƙi bushewa. Da aka sauke kayan abinci a iyakar Gana don a duba, na cusa hannu cikin buhu. Hannun ya fito yana danƙo.

Alhaji Bawa a unguwar Nima yake, inda Hausawa suka yi yawa. Tsohon dillalin shanu ne, dogo, mai son dariya. A can aka haife shi, amma ya ce kakansa mutumin Taba ne ta ƙasar Kudan, ya zo fataucin goro bai koma ba. Sai ya riƙa kirana ɗan'uwa. Hausarsu sai ka kasa kunne, matarsa ma "ya tafi kasuwa" yake ce mata. Gaisuwarsu kuma gajera ce. Ni ina kan "ina gajiya", ban kai ga iyali da shanu ba, mutum ya riga ya sha kwana. Aka ba ni ɗaki kusa da zaure, aka jibge buhuna a wani ɗakin ajiya marar taga. Ɗanliti ya sauke barkononsa ya juya gida. Surukin nan, Musa, wanda ya haɗa cinikin, an aike shi arewacin ƙasar da kaya, ba ya gari.

Abinci kuwa, da safe koko da ƙosai, na ce alhamdu lillahi, gida. Amma kokon yaji ne kamar an yi fushi da shi. Da rana aka kawo shinkafa da wake a kan ganye, an ɗora taliya, an barbaɗa gari, ga ƙwai, ga wani baƙin yaji mai ƙarnin kifi. Abincin gida huɗu a kwano ɗaya. Na ci, ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma wani tuwon masara da suke naɗewa a ɓawo, mai tsami, na ce wa Hajiya, matar Alhaji, ya kwana. Ta ce haka ake yin sa. Na ce to Allah ya ba masu ci lafiya.

Wani abu da ya ɗaure mini kai shi ne mutuwarsu, wato ta waɗanda ba Musulmi ba. Na ga hoton mutum babba a bango, an kafa rumfa, ana kiɗa, mata da baƙaƙe da jajayen kaya suna rawa. Na ce wa Alhaji wane ɗan siyasa ne. Ya ce gawa ce, kuma ta daɗe a firij ana jiran dangi su taru. Mu da muke gaggawar kai mutum kafin la'asar.

Washegari muka ɗauki 'yan samfuri a jaka muka tafi kantin. Sunansa ban iya faɗa ba, tambarinsa ja ne, don haka Ja nake ce masa. Ku da kuke tambaya, ku ƙaddara an ɗauki kasuwar Makarfi gaba ɗaya an sa mata rufi, an kori ƙuda da rana da surutu. Ƙofa da kanta take buɗewa. Sanyi ya buge ni har na ji daɗi saboda kayana, na ce da nan aka ajiye su. Ga talabijin, ga keke, ga kifi a kan ƙanƙara, ga doya an wanke ta an manna mata takarda. Babu mai ce maka "zo ka saya", babu mai tambayar mutan gida. Ka tura keken ƙarfe ka ɗiba, wata yarinya ta haska kayan da na'ura, ka biya. Ba tayi, ba gyara. Na tsaya gaban nama na ce wa Alhaji, "Wa ya yanka?" Ya nuna mini wani tambari. Na ce ni mahaucin da ban ga fuskarsa ba ban san shi ba.

Ofishin yana sama, kuma matakalar tafiya take yi da kanta. Na sa ƙafa ɗaya, ta tafi da ita, ɗayar tana ƙasa. Ba don Alhaji ya riƙe mini wuyan riga ba da labarin ya ƙare a nan.

Matar sunanta Madam Afuwa. Ba Bahaushiya ba ce, amma kusa da Nima ta tashi, tana jin Hausa irin tasu. Mace ce mai jiki, da tabarau, ba ta da yawan magana. Ta sa wuƙa ta yanka mazarƙwailar, ta duba ciki ko da yashi, ta ɗora a sikeli, ta ɗanɗana. Ta ce, "Kaya ya yi kyau. Zan ɗauka duka." Sai ta faɗi farashi.

A nan zan faɗi gaskiya. Farashin bai yi muni ba. Ko an cire kuɗin mota ya fi na gida nesa. Amma ku gaya mini, tun da aka haife ku, wa kuka taɓa gani ya sallama a tayin farko? In mutum ya fara da wannan, ai yana da na gaba a aljihu.

Na ce, "Albarka."

Ta ce, "Alhaji, farashin ke nan." Ba ni da Hajji, amma a can duk mai hula Alhaji ne.

Na ce, "Madam, raken nan ba a kan dutse ya fito ba. Ki ƙara."

Ta ce, "Farashin ke nan."

Na kalli Alhaji Bawa, ya kalle ni. Dillalin shanu da mai rake, ba sai an yi magana ba. Muka miƙe tare, na kakkaɓe riga, na ɗauki jaka, muka nufi ƙofa a hankali. Alhaji yana raɗa mini, "Kada ka waiwaya, ɗan'uwa. A bakin ƙofa zai kira." Wato za ta kira. A bakin ƙofa na duƙa ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Shiru. Muka fita, muka yi tafiyar hawainiya har matakala. Shiru. Muka sauka muka zauna a waje inda za a gan mu daga taga, muka sayi gyaɗa muka cinye. Ba wanda ya sauko.

Alhaji ya ce, "Wannan gwani ne. Zai bugo waya. Kafin nan mu nuna masa garin nan ba shi kaɗai ke da kanti ba."

Maganar ta yi mini daidai, don haka muke yi. In na farko ya ƙi, ka matsa rumfar gaba, ka tabbata na farko ya ji labari.

Sai ga Asabar da Lahadi, ofisoshi a kulle. Ni ina zaune a Nima ina leƙa ɗakin ajiya. Buhunan ƙasa sun fara yin duhu. Tururuwa ta gano wurin. Hajiya ta kawo daro ta tara a ƙarƙashi.

Ranar Litinin muka shiga motar haya zuwa wajen gari, ta hanyar tashar jiragen ruwa, wurin wani kanti mai tambari rawaya, sunansa daban, na sa masa Rawaya. Wannan ba ado. Rumbu ne ƙato, kaya jibge har rufi, wata 'yar mota mai ƙaho biyu tana ɗaga su. Ba a sayar da ɗaya ɗaya, sai katan ko buhu, kuma sai kana da katin shiga. Mata 'yan kasuwa ne suka cika wurin, su da masu gidajen abinci. Na ce yawwa, ga 'yan sari, a nan za a yi magana. Manajan ya fito, Alhaji yana fassara. Ya ɗanɗana, ya ce da daɗi, amma shi ba ya saye, kaya kawo masa ake yi. Na ce a gaya masa matar Ja ta taya, amma ba ta san darajar kaya ba, shi ya sa na kawo wa masu ido. Da Alhaji ya fassara sai mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu bar lambar waya. Na fito ina cewa ya ji daɗin an kushe abokin gabarsa.

Washegari muka bi ƙananan kantuna masu koren tambari, su kuma Kore nake ce musu. Waɗannan a cikin unguwanni suke, kusan kowace kwana da ɗaya, bai fi shago biyu a haɗe ba. Madara, burodi, sabulu, ƙwai, abin da mace za ta tuna tana cikin girki. Na ce ko kaɗan kaɗan ne na rarraba. Na farko yarinya ce a gaban na'ura, ta ce ita ko ashana ba ta da ikon saye. Na biyu haka. Na uku a gidan mai yake, direbobi suna shiga sayen ruwan sanyi, shi ma haka. Ko'ina na je sai na bar sallahu game da matar Ja. Abin da ya ɗan tsaya mini a rai, burodin da ke Kore shi na gani a Rawaya, shi ne kuma a Ja. Na ce wa Alhaji to mu je wurin mai burodin nan, mai ciyar da gari haka dole yana son zaƙi.

Gidan burodin ya kai girman sakatariya. Muka yi ta jira a benci har manajan ya zo. Ya saurare mu, ya ɗauki waya ya buga, ya yi magana da yarensu, sai ya miƙo mini.

Na ce, "Salamu alaikum."

Aka ce, "Alhaji Sale, ina wuni? Yaya yawo?"

Muryar Madam Afuwa ce. Na cire wayar daga kunne na dube ta.

Ta ce, "Ja namu ne. Rawaya namu ne. Kore namu ne, har na gidan mai. Burodin da kake tsaye a kai namu ne. Duk ni nake sayo musu irin kayanka. Duk inda ka je an buga mini."

Na ce, "Duk?"

Ta ce, "Har da maganar ido."

Ban san abin da na ce ba. Ina jin "to" na ce.

Da yamma Musa ya dawo daga tafiya, aka gaya masa, ya dafe kai ya ce me ya hana mu buga masa waya. Alhaji ya ce tun yaushe suruki yake koya wa dillali ciniki. Musa ya zauna ya jero mana abin da kamfanin yake da shi: gonakin kaji da na tumatir, ɗakunan sanyi a bakin teku, masana'antar da ake ɗura kaya a leda da sunansu, kantunan magani, motocin da ke rarraba kayan, har ginin da Ja yake ciki nasu ne, sauran masu shaguna haya suke biya. Ya ce suna da rassa a ƙasashen maƙwabta ma. Na ce to me ya sa ba za su sa suna ɗaya ba, mutum ya san da wa yake magana? Ya ce matar mai kuɗi ba za ta so a gan ta tana turereniya da 'yan sari ba, 'yar sari ba za ta biya kuɗin sanyi ba, ita kuma ta cikin unguwa ba za ta shiga mota don ƙwai biyu ba. Kowa an yi masa ƙofarsa, amma ɗaki ɗaya ake shiga.

Na zauna ina auna abin. Kamar a ce kasuwar Makarfi da ta Ikara da ta Hunkuyi, da mai shayin bakin tasha, da mai injin niƙa, da motar da za ta kai ka, duk na mutum ɗaya ne. In kun ɓata da shi ina za ka? Alhaji Bawa ya ce, "Ɗan'uwa, ni shanu na sani."

Na shiga ɗakin ajiya. Daro ya kusa cika. Wari ya fara sauyawa, tsami yana tasowa. Na tuna Baba Iro da zaurensa, na tuna masu kayan ɗaya bayan ɗaya.

Da safe na koma wurin Madam Afuwa ni da Musa. Na san abin da ke jirana, don na sha yi wa mutane. Wanda ya tashi ya zaga kasuwa ya dawo, ai ya dawo da wuya a miƙe, sai yadda ka yi da shi. A hanya na riga na yanke cewa ko rabi ta ce zan karɓa.

Na zauna na ce, "Madam, na dawo. Faɗi."

Ta faɗi farashin ranar farko. Ko ɗigo bai ragu ba.

Na ce, "Ba za ki rage ba?"

Ta ce, "Kana so in rage?"

Na ce, "A'a, tambaya na yi."

Ta ce, "Ba ni da ikon ragewa, kamar yadda ba ni da ikon ƙarawa. Wasu ne suke zama su yanke, ni in faɗa." Ta cire tabarau ta ce, "Uwata a kasuwa ta tsufa, na san irin tafiyar da kuka yi. Na ga kana gyara takalmi. Amma in na kira ka, me zan ba ka?"

Na ce, "To da kin gaya mini duk garin naku ne."

Ta ce, "Ka tambaya? Ai ba ni da ido."

Musa ya juya yana kallon bango, kafaɗarsa tana rawa don dariya. Na ce ta yi haƙuri da wannan magana, ta ciniki ce. Ta ce ta sani.

Sai dai ta ce abin da ya daskare kawai za ta ɗauka. Aka aiko mota ta kwashe buhunan zuwa masana'antarsu. Mata ne a jere da hular leda da safar hannu, suna ɗauka ɗaya ɗaya suna latsawa. Mai tauri dama, mai laushi hagu. Ina tsaye ina kallon hagu tana tsawo. Na roƙi a kai wa gidan burodi mai laushin, aka ce da bai yi tsami ba da an karɓa. Da aka gama, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi hagu. Da ranar farko na sallama, da bai fi buhun ƙasa ba.

Na ga yadda suka yi da sauran. Suka yayyanka daidai wa daida, suka rufe a leda mai tambarinsu. Manya za su tafi Ja, katan katan Rawaya, 'yan ƙanana Kore. Na ce wa Musa ya duba mini inda aka rubuta Nasarawan Doya. Ya juya ledar gaba da baya ya ce babu. Na ce ko Makarfi? Ya ce an dai sa Najeriya a ƙasa, da ƙananan haruffa.

Madam ta ce in mutane suka saya, baɗi za ta so ƙari, amma kowane gida ya yi da kwano iri ɗaya, kuma a rufe a leda tun daga gida. Wanda ya narke kuwa, aka mayar da shi Nima, Hajiya ta rarraba wa mata masu koko a unguwa. Ranar da zan taho na sha koko da shi. Ya kashe yajin, wannan kam.

Alhaji Bawa ya raka ni tasha, ya ba ni goro da atamfa in kai wa iyali, ya ce in na je Taba in gaishe da duk wanda ya tuna kakansa. Na ce zan gaisar, duk da ban san ta inda zan fara ba. Motar fasinja na biyo. Kujerata ta ƙarshe ce, kusa da wata mata mai buhun busasshen kifi. Bayana har yau bai daidaita ba.

Da na iso, bayan sallar la'asar aka taru a zauren Baba Iro. Na faɗi yadda aka yi, har da takalmin. Wasu suka yi dariya, waɗanda suka sa kaya da yawa ba su yi ba. Malam Tanimu, wanda gonarsa take maƙwabtaka da tawa, ya ce, "To na wa ya narke?"

Buhunan duk an yi musu alama, na san na wa da na wa ne a ƙasa. Na ce, "Nawa ne. Kowa zai karɓi kuɗin kayansa cif. Abin da nawa bai rufe ba, na sa ɗan maraƙina a kasuwa."

Ba don kirki na yi ba. Ƙafata ce ta yi tafiyar, ba ta kowa ba.

Na raba wa kowa nasa. Baba Iro ya yi addu'a aka shafa. Sai aka shiga gardamar kwano, wannan ya ce na gidansu tun kakansa ake zubawa a ciki, wancan ya ce leda tsada. Ni dai na jingina da bango na rufe ido. Can na ji Malam Tanimu yana cewa, "In sun kira baɗi, wa zai kai? A nemi wanda ba ya tashi."

Baba Iro ya ce, "Sale zai kai."

Na buɗe ido na ce, "Baba, ni? Bayan wannan?"

Ya ce, "In mun tura wani, shi ma sai ya narkar da nasa kafin ya gane. Kai ka riga ka biya."

Na ce, "Baba, bayana ciwo yake."

Ya ce, "Kafin rake ya nuna ya warke. Ku tashi, an kusa magariba."